Bikon Gado Mai Rumfa

Tunda labarin nan ya zaga unguwa kowa na ƙara masa gishiri da yaji, har na ji ana cewa wai na mari ma'aikacin gwamnati, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Ni ce Yalwa mai ƙuli-ƙuli, matar marigayi Malam Jatau maƙeri. Ban mari kowa ba. Kwanciya kawai na yi.

Ina da gado. Ba irin na yanzu ba, wanda kafinta zai haɗa da katakon banza da gam, yaro ya yi tsalle sau biyu ya rufta. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, dogayen ƙafafu, kowace da ƙwallon tagulla a ka, ga 'yan madubai a allon kai, ga labule ta kowane gefe. Sai kin taka kujera kafin ki hau. Babana bijimin sa ya sayar sukutum ya saya mini shi da za a kai ni ɗaki, aka ɗauko shi daga kantin bakin tasha mata na rangaɗa guɗa a baya. A kansa na haifi 'ya'yana. A kansa Malam ya yi jinya, a kansa ya cika. Dillalai sun yi zarya a kan gadon nan har takalmansu suka suɗe. Akwai wadda ta dage, na ce mata ko gidan ubanta za ta ɗora a kan tayin, albarka.

To, wata rana gab da azumi ina cikin murza tunkuza sai aka yi sallama da ni. Na leƙa zaure, na ga wani mutum da tabarau da takalmi mai tsinin baki, yana ta shan ƙamshi kamar zauren nawa ne ke binsa bashin gaisuwa.

"Inna, sunana Sabi'u. Ni ne shugaban gidan tarihi na garin nan."

"Gidan me?"

"Gidan tarihi, inda ake adana kayan da."

"Au, wato juji mai maigadi."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce za su buɗe sabon sashe da suka sa wa suna Ɗakin Amarya, don yaran zamani su ga yadda ake jere a da. Sun sami ƙorai, sun sami tasoshi da fanteka, gado ne ya gagara, kuma duk wanda suka tambaya sai ya ce a je wajen Yalwa. Ya ce in sayar. Na ce albarka. Ya ce to in bayar kyauta, sunana ya shiga tarihi. Na ce ni tarihi bai taɓa sayen ƙuli-ƙulina ba, ban san shi ba. Ya cire tabarau ya goge. Can sai ya ce, "To aro fa, Inna? Don bikin buɗewa kawai."

Nan ya zo inda nake ji. Aro kam mun san shi. A zamaninmu in za a yi wa yarinya jere, kayan uwarta ba su cika ɗaki ba, sai a bi maƙwabta: wannan ta ba da kwano, waccan ta ba da tasa, a cika ɗaki dangin miji su gani su yi shiru. Biki na watsewa, kowace kayanta su koma mata, har da ɗan goro a ciki na godiya. Ba a rubutu, ba a shaida, kuma ban taɓa jin wadda ta riƙe ko murfin kwano ba, don in kika riƙe, ranar bikin taki 'yar ɗakin wayam za a gani. Na yi masa wannan bayani dalla-dalla. Na kafa masa sharaɗi: kada a shafa masa fenti, kada ƙato ya hau, kuma a hannu za a ɗauka, ba a jefa shi a tifa kamar yashi ba.

"Da zarar an watse, Inna, kafin ki shimfiɗa tabarma ya dawo."

Na ce a raina gadon da ya fi na kowa a garin nan ai ya isa a gan shi. Na bayar.

Jama'a, na shimfiɗa tabarmar. Na yi azumi a kanta, na yi sallah ƙarama a kanta, na yi babba. Damina ta faɗi, sanyin ƙasa ya shige ni, har ta kai in zan tashi da asuba sai na dafa bango ina salati kamar mai naƙuda. Na sa an buga wa Sabi'u waya, aka ce yana mitin. Aka sake bugawa, ya tafi taron bita. Aka kuma bugawa, wai yana mitin a kan taron bitar. Ranar da na sunkuya zan ɗauki tukunyar mai bayana ya riƙe, na tsaya a sunkuye kamar mai ruku'u har maƙwabciyata ta zo ta miƙar da ni, ranar na ce ya isa. Washegari da hantsi na ɗaura zanena na fita unguwa, na yafa mayafi, na tare ɗan adaidaita.

Ni ban taɓa zuwa can gefen garin ba, don babu abin da na ajiye. Na ce masa gidan tarihi. Ya ce, "Wanda ke bayan shataletalen Kifi? Sai mun bi ta Buta, mu wuce Ƙwarya." Na ce ni mota na hau ko kasuwa na shigo?

Ashe haka gari ya koma ban sani ba. Muna isa shataletale na farko sai ga wata buta ta siminti, ta fi ɗakina girma, an karkata bakinta kamar tana zuba ruwa. Ko ɗigo babu. Awaki ne kwance a inuwarta suna tuƙa.

"Wannan fa, wa zai yi alwala da ita?"

"Ado ne, Inna. Ranar da aka buɗe ta ta zubar da ruwa, har a talabijin an nuna."

"Daga nan fa?"

"Daga nan tankar da ta kawo ruwan ta koma."

Na ce madalla, ashe butar 'yar unguwarmu ce, irin famfonmu ɗaya.

Shataletale na biyu ƙwarya ce da ludayi, ita kuma ta cika da ruwan sama har ya yi kore, sauro na ta biki a kai. Wato wadda aka yi don ruwa babu ruwa, wadda aka yi don fura ita ce ta tara ruwan. A jikin katangar da ke kallonta an zana wani manomi, ya ɗaga fartanya yana dariya haƙora duka a waje. Ni dai na yi noma a gidan ubana, ban taɓa ganin wanda ya kama fartanya yana irin wannan dariya ba, sai dai in rana ta taɓa masa kai. Na uku kuwa kifi ne, ƙato, ya buɗe baki yana kallon sama. Garin da ko kududdufin kirki babu. Na tambayi ɗan adaidaita me kifin ke nufi, ya ce shi ma bai sani ba, amma an ce ɗan kwangilar kifi kaɗai ya iya.

Muka isa. A bakin ƙofa wani maigadi na zaune yana ɓare gyaɗa. Na sa kai zan shige, ya miƙo ƙafa ya tare hanya.

"Baba, sai da tikiti."

"Tikitin me?"

"Na kallo."

"Ni ba kallo na zo ba, ɗan nan, biko na zo. Gadona ne ya yi yaji a gidan nan. Ka taɓa jin wanda ya je biko aka yanka masa tikiti?"

Ya buɗe baki gyaɗa na ciki. Kafin ya rufe na wuce.

Cikin gidan shiru kamar an yi rasuwa an watse. Babu mai kallo ko ɗaya, sai ƙadangaru. Na shiga ɗakin farko, na ga turmi da taɓarya an kewaye su da igiya. Na ga dutsen niƙa. Na ga fitilar aci-balbal a cikin akwatin gilashi, an sa mata kwaɗo. Har tsintsiya na gani a gilashi, wallahi, tsintsiyar kaba, ga ƙura a ƙasa ta kai a shuka gero. Na ce ikon Allah, sun kulle mai sharar sun bar dattin a sake. Duk abin da ke ɗakin nan ina da shi a gida, kuma nawa na aiki. Da na sani ai da tuni na sa maigadi a ƙofar madafata.

Sai na leƙa ɗaki na gaba.

Yana nan tsaye a tsakiya, labulensa a sake, tagullar na ƙyalli. An kewaye shi da jar igiya kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Ban san lokacin da na ce masa sannu ba. Na hango ƙusar da Malam ke rataye carbinsa, na hango ƙafar baya da ya yi wa ɗori da hannunsa. Idona ya kawo ruwa, na mayar da shi, don ban zo nan in yi kuka a gaban ƙadangaru ba.

"A'a! Inna! Ke ce da kanki?"

Sabi'u ne, ya ci babbar riga, gumi na keto masa.

"Ni ce. Bikin naku bai watse ba har yanzu? Amaryar ai ta isa yaye."

"Inna, wato, akwai ƙa'ida. Duk abin da ya shigo gidan nan ya zama na al'umma."

"Ni fa? Ba al'umma ba ce?"

"Ke ma al'umma ce, shi ya sa kina iya zuwa ki gan shi duk ranar da kika so, ban da Lahadi."

"In zo in kalli gadona da rana, in koma in kwana a ƙasa?"

Ya rage murya. Ya ce zai sa a ba ni gado na zamani, har da katifar soso mai kauri. Na ce albarka. Ya ce da filo biyu. Na ce albarka. Ya ce za a ba ni takardar yabo mai hatimi, in rataye a bango. Na ce in na rataye ta, bayana zai daina ciwo? Ya ce in yi wa Allah in yi haƙuri, maganar ta fi ƙarfinsa. Na ce gadon bai fi ƙarfinsa ba ranar da ya zo ɗauka.

Muna cikin haka sai jiniya ta tashi a waje. Mutumin nan ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Inna, don girman Allah ki fita ta ƙofar baya ki zauna a gindin bishiya. Hajiya Bara'atu ce, uwargidan ciyaman. Ita ta yi mana rufin gidan nan. Ta kawo manyan baƙi mata daga babban birni, har da 'yan jarida. In sun tafi ma yi magana."

"Ni za a fitar ta ƙofar baya kamar toka?"

Bai tsaya ji ba, ya kwashi riga ya yi waje da gudu, takalmin nan mai tsini na ƙwas-ƙwas.

Na tsaya ni da gadona. Bayana na sara, ga jijjigar adaidaita, ga tsayuwa. Na dubi igiyar, ko gwiwata ba ta kai ba. Na tuɓe takalmi, na tsallake ta, na taka wata kujera da su ma suka jera a matsayin tarihi, na hau. Na miƙe, na ja labule na rufe. Kai, jama'a! Ƙasusuwana ɗaya bayan ɗaya suka riƙa komawa mazauninsu. Gadon ya yi 'yar ƙarar nan tasa da na sani, kamar yana cewa ina kika shiga.

Can sai ga hayaniya. Turare ya riga su shigowa, irin wanda ke sa atishawa. Ta 'yar kafar labule na hango su: leshi, gwala-gwalai, jakunkuna, kowace da waya a ɗage. A gaba wata doguwa mai ɗaurin ɗankwali kamar an kifa kwando, ita ce Hajiya Bara'atu. Sabi'u na bayanta yana waige-waige. Da bai gan ni ba sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauka ina gindin bishiya.

Hajiya ta tsaya a gaban igiya, ta gyara mayafi, ta jira masu hoto suka daidaita.

"To, 'yan'uwa, ga abin da na fi so ku gani a duk gidan nan. Wannan gadon kakata ne."

Na ɗaga kai daga filo. Na ce a raina ko dai akwai wani gadon a ɗakin ban lura ba?

"Kakata, Allah ya jiƙanta, mace ce mai alfarma. Daga ƙasar Larabawa aka ɗauko mata shi a kan raƙuma. Ni na ga bai dace in riƙe shi ni kaɗai ba, shi ne na sadaukar da shi ga al'umma."

Aka yi tafi. Na ce oho, ashe ga al'ummar da Sabi'u ke faɗa, da ɗankwalinta. Gadon da babana ya yi ciniki a kai tun hantsi har azahar a bakin tasha, yau shi ne ya hau raƙumi.

Wata baƙuwa mai siririyar murya ta ce, "Hajiya, wannan tabon na ƙafarsa fa?"

"Wannan? Saran takobi ne, lokacin yaƙi. Mahara suka shigo, kakata ta tsaya a kansa ta ƙi sauka."

Aka yi salati. Ni kuwa na toshe baki da mayafi. Ƙafar nan akuyata ce ta lanƙwasa ta, wata damina da na ɗaure ta a ɗaki saboda ruwa, Malam ya yi faɗa ya gaji sannan ya ɗora. Yau akuyar ta zama mahara. Allah ya jiƙan akuya, ta sami matsayin da ba ta nema ba.

Hajiya ta ji daɗin salatin, sai ta ƙara wuta. Murya ta fara rawa.

"Ina ƙarama a nan nake kwana a bayanta, tana yi mini tatsuniya. Ba ta taɓa cewa in yi abu na ƙi ba. Wallahi, 'yan'uwa, da Allah zai sa in sake ganinta a kan gadon nan ko sau ɗaya, da a gabanku zan zube ƙasa. Duk abin da ta ce in yi, kafin ta rufe baki an yi."

Ta sa bakin mayafi ta dangwali ido a hankali, kada kwalli ya ɓaci. Wani ɗan jarida ya ce ta maimaita wajen "kafin ta rufe baki", bai ɗauka da kyau ba. Ta maimaita, da rawar muryar da komai.

"Malam Sabi'u, ɗage igiyar. Bari in nuna musu madubin da take duba fuskarta."

Na gyara ɗaurin ɗankwalina. Na tokare kai da hannu ɗaya, na ɗora ƙafa kan ƙafa.

Hajiya ta kama labule da hannu biyu, ta juya ta yi wa masu hoto murmushi, ta yaye.

Mai siririyar muryar nan ita ta fara ƙwalla ihu, ta yar da jaka. Wata ta yi baya ta faɗa cikin ƙorai. Masu hoto kuwa ko gezau, sai ma matsowa da suka yi. Sabi'u ya saki igiyar. Ya matso ya dafa gadon yana raɗa:

"Inna, ki rufa mini asiri ki sauko. Ba a hawa. Ba a taɓawa."

"To cire hannunka daga kansa," na ce.

Hajiya Bara'atu ta dawo hayyacinta. Ta dubi baƙinta, ta dubi wayoyin da ke ɗage, ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga hanci.

"Malam Sabi'u! Wace ce wannan tsohuwar a kan gadon kakata?"

Na miƙa mata hannu daga inda nake kwance.

"Kakar taki ce, 'yar nan. Zube ki gaishe ni, sannan ki sa a kai ni gida da gadona kafin in rufe baki."